Bargon Mijinyawa da Allura ta Huɗu

A Bodinga in ka ce wane ya iya abu, sai a tambaye ka ko da idonka ka gani, ko kuwa shi ya faɗa maka. Mijinyawa ne ya jawo mana wannan tambaya.

Mijinyawa ya taɓa yin wata bakwai a Sakkwato yana ɗebo ruwa a gidan wani Bature a bariki. Watannin nan bakwai ya dawo da su gida ya yi ta jan su, har suka ishe shi hirar shekara goma sha biyu. A bakinsa muka ji ya tuƙa mota, ya gyara agogo, har ya taɓa cire wa Di'o, Baturen mulki, haƙori. Abin da wani ya gani da ido dai shi ne garwa biyu da sanda a kafaɗa. Ba mugun mutum ba ne, kada a yi masa ƙarya, bai taɓa cin na kowa ba. Ciwonsa guda ne: in ya ga ana wani aiki sau ɗaya, to a wurinsa ya gama koyo, har ya hango inda mai aikin yake kuskure.

Matarsa Laraba 'yar Shagari ce, marainiya, ta tashi a hannun baffanta Mode tela. A lokacin, daga Shagari har Kajiji Mode kaɗai ke da keken ɗinki na ƙafa, baƙi wuluk, da zanen ruwan zinariya da hannu ya goge rabinsa. A gindin keken nan Laraba ta girma. Ita ke tsince zare, ita ke zura allura, ita ke share ƙarƙashin feda. Amma Mode bai taɓa barinta ta hau kujerar ba, don ba a saba ganin mace a kan keke ba, shi kuwa ba mutum ne mai fara abin da ba a saba ba.

Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, ƙafar Mode ta dama ta ƙi. Kurkunu ne ya fito masa, ya warke ya bar gwiwa a sanƙare. Ɗa namiji babu. Sai ya aika aka kira Mijinyawa, ya ce ya ji labarin ya iya ɗinki, bai dai faɗi daga bakin wa ya ji ba. Zai ba shi aron keken har kasuwar Shagari ta ci sau uku. In aikin da ido zai iya kallo ya fito daga gidansa, keke ya zama na gidan. In bai fito ba, akwai wani da ya taɓa koyon ɗinki a wurinsa a Kajiji, ya daɗe yana zarya. Ya kwance wani ƙullin tsumma ya nuna masa allura huɗu, ya ce su ke nan, irinsu sai kantin Sakkwato, can ma sai an yi sa'a.

Ranar da jaki ya sauke keken a ƙofar gidansu, Laraba ta goge shi da gefen zanenta tun daga kai har ƙafafu. Murna take, tsoro kuma ya fi murnar yawa, don ta san mijinta, ta kuma san in keke ya tafi Kajiji ya tafi ke nan. Ta lallaɓa ta ce ya ɗinka wando ɗaya, ko taguwa 'yar ƙarama, abin da Baffa zai duba ya ce to.

Mijinyawa ya ce wando ai kowane tela na yi. Shi a bariki ya taɓa ganin wani bargo na matar Bature an shanya a igiya: ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, auduga a tsakani, an bi shi da ɗinki tsaye da kwance har ya yi gida-gida. Shi zai yi. Na farko na Baba Mode ne, na biyu na Di'o, daga nan Turawan Sakkwato za su riƙa aiko da mota Bodinga. Laraba ta tuna masa cewa sanyi ya wuce, ana shiga bazara, har kaji sun fara yawo baki buɗe.

Ya ce, "Ke ba ki san Bature ba. Sanyinai cikin jikinai yake, da shi yaz zo daga ƙasassu."

Ya kafa keken a tsakiyar zaure, ya ɗage asabari don masu wucewa su gani. Wanda ya fara gani kuwa Ɗantani mahauci ne, taubashinsa, wanda al'ada ta ba izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ɗantani ya tashi daga fawa da wuri, ya kawo buzunsa ya shimfiɗa a bakin ƙofa.

Ranar farko aka gano cewa Mijinyawa ba ya iya kallon wuri biyu. In ya dubi ƙafarsa, ƙyalle ya kama hanyar gabas. In ya dubi ƙyalle, ƙafa ta juya keken baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Ya ce ba laifin keken ba ne, Baba Mode ne ya saba masa da tafiyar tsofaffi. Da la'asar ya samu ya haɗa ƙyalle biyu, ya miƙe zai nuna wa jama'a, sai ƙyallen ya miƙe tare da shi, don ya haɗa da gaban rigarsa. Warwarewa a gaban mutane amsa laifi ne, saboda haka ya ɗauki almakashi ya yanke rigar daidai wurin, ya ce dama yana neman shuɗi a wannan kusurwa. Washegari aka sake, jibi ma haka. Bargo na faɗi riga na tsukewa, har ta bar gwiwa ta kama hanyar cibiya. Ɗantani ya tambaya ko in an sayi bargon da mai shi ake haɗawa.

Da aka gama fuskar sama, ya sami akoko ya yi ta ƙasa, sai maganar abin da za a cusa a ciki. Laraba na da kwando biyu na auduga, wadda mu nan muke kira kaɗa, ta tsinko daga 'yar gonarta, ba ta gama gurzawa ba. Kullum da hantsi takan zauna da dutse da ɗan ƙarfenta ta murje ta kaɗan-kaɗan, ta fitar da gurya, wato 'ya'yan, ta adana su don shukar damina, sannan ta shiɓe audugar da baka ta yi laushi. Aiki ne mai cin rai, kuma tun da aka halicci Bodinga ba namijin da ya taɓa tsayawa ya kalle shi har ƙarshe.

Ta ce, "Malam, kaɗag ga da guryatta take. Ka ba ni kwana goma in gurje ma ita."

Ya ce kwana goma na matan da ba su ga duniya ba ne. Ƙarfen da aka ƙera a ƙasar Turawa, ya hau jirgin ruwa, ya hau na ƙasa, ba zai zo Bodinga ya ji tsoron gurya ba. Tana cikin daka ya shiga ɗakinta ya kwaso kwandunan biyu, ya juye tsakanin ƙyallayen yadda suke, ya daddanna da gwiwa.

Allura ta farko ta yi taku bakwai, ta ci karo da gurya, ta ce ƙas. Mijinyawa ya ɗaga guntun ya duba, ya ce cikin kowace huɗu dama akwai rago ɗaya, gara da ta nuna halinta da wuri. Ta biyu ba ta ko yi sallama ba, tsininta ya tashi ya wuce ta gefen kunnen Ɗantani ya kafe a bango. Ɗantani ya naɗe buzunsa ya mayar da shi waje, ya ci gaba da kallo daga can. A ta uku Mijinyawa ya ce ya gano matsalar, sanyin ƙafa ne, dole a taho wa gurya da gudu kafin ta shirya. Ya taka feda har zaure na rawa. Allurar ta yi ɗinkin da bai fi tafin hannu ba, ta bi 'yan'uwanta.

Ya kwance ƙullin tsumma zai ɗauki ta huɗu, ya tarar da tsumma kawai.

Aka share zaure, aka tankaɗe ƙasarsa da rariya. Aka zazzage buzun Ɗantani, aka duba saƙar asabari kara-kara. Daga ƙarshe zargi ya faɗa kan wata jar kaza da aka ga tana kiwo a gindin keken. Ɗantani ya ce a matsayinsa na mahauci ba zai ga taubashinsa cikin damuwa ya ƙi taimako ba. Aka yanka kaza, aka duba cikinta kaf, babu allura. Laraba ta karɓa ta dafa, mazan biyu suka cinye a zaure suna jimamin abin da ya faru.

Wani da ya kai nan sai ya tafi Shagari ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Mijinyawa ya je wurin masu ɗinkin buhu ya aro basilla, ya dawo ya saki asabari, ya ce daga yau aikin ya shiga matakin da ba a kallo. Yana zaune a kan kujera, hannu na soka basilla da zare mai kauri, ƙafa na taka keken da babu allura a bakinsa, don unguwa ta ji ana aiki. Unguwa kuwa ta ji. Daga hantsi har la'asar keke na gudu bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wata tsohuwa da ta san Shagari ta ce ita dai a saninta ko a hannun Mode keken nan yakan tsaya ya numfasa in an zo kwana. Da ƙarfen ya fara kuka saboda wahala, Mijinyawa ya ɗebo man shanu ya shafe shi ko'ina, ya ce shi ma abinci yake so. Man ya narke ya bi ta kan bargo ya yi taswira, kiyashi suka zo gaisuwa da danginsu.

Ranar Juma'a ta biyu ya tafi masallaci, ya tsaya bayan an sallame yana ba wasu baƙi labarin haƙorin Di'o. Bakin bargon duk a buɗe ya bar shi, auduga na leƙowa ta kowane gefe. Matan maƙwabta sun ce a ranar, tsakanin kiran salla da dawowar maza, sun ji keken na tafiya a hankali, yana tsayawa yana numfasawa. Ba wadda ta faɗa wa mijinta.

Da Mijinyawa ya dawo sai ya tarar an tura audugar ciki, an kalmashe bakin bargon gefe huɗu, an bi shi da ɗinki ƙanana a jere, miƙe kamar an ja da igiya. Ya duba ya sake dubawa. Ya leƙa ya kira Ɗantani.

"Taubashi, zo ka ga abin da niy yi jiya ban ko lura ba. Hannu in ya ƙware ba ya jiran mai shi."

Ɗantani ya bi ɗinkin da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar da ke shiga cikin gida. Ya saki bargon ya koma kan buzunsa.

Saura kwana shida kasuwa, Mijinyawa ya yanke shawarar a wanke bargo, don ba a kai wa Bature abu da man shanu da kiyashi. Ya ɗora shi a jakin Ɗantani ya nufi fadamar Danchadi, inda masu lambu ke ban ruwan albasa. Ya tsoma shi a wani gurbi ya tattake da ƙafa. Shigarsa da sauƙi. Da aka zo fitarwa, bargon ya sha ruwan da ya kai na komi biyu na lambun albasa, sai da mutum uku suka bar aikinsu suka kama. Aka ɗora wa jaki, jaki ya yi tunani ya durƙusa. A kan sanda aka rataye shi, Mijinyawa da wani mai lambu suka ɗauko, jaki na biye da su ba kaya.

Laraba ta ce a baza shi a kan dangar kara, rana ɗaya ta bazara ta ishe shi. Mijinyawa ya ce rana na cin launi, kuma akwai masu ido a garin nan da za su sace fasalin su riga shi zuwa wurin Di'o. Ya naɗe shi jiƙe sharkaf cikin tabarma biyu, ya ɗaure tamau, ya kai ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, wanda ko ƙadangare ba ya iya wuni a ciki don zafi.

Ta bi shi har ƙofa. "Malam, gurya in ta sha ruwa ta samu ɗumi..."

Ya ce ta bar wa maza maganar sana'a. Ya sa kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya da zare. Kwana biyar Laraba na wucewa ta gaban ɗakin nan tana jin wani wari da duk wanda ya taɓa shuka ya sani, warin ƙasa bayan ruwan farko. Ta roƙi mabuɗin sau uku. A na ukun ta koma ɗakinta ta yi kuka, don a ganinta keke ya riga ya kama hanyar Kajiji.

Ranar kasuwa suka yi sammako. Ɗantani na kora jakinsa da ke ɗauke da keken, kai a gefe ɗaya, ƙafafun ƙarfe a ɗaya gefen. Bargo na kan Mijinyawa a naɗe, bai yarda an buɗe ba. Ya ce yana jin ya ƙara kauri, har da ɗumi-ɗumi, alamar ya nuna ke nan. Laraba na baya cikin matan da za su kai zare kasuwa. Duk tsawon hanyar jakin nan bai bar gefen Mijinyawa ba, yana miƙa wuya yana shinshinar tabarma. Mijinyawa ya ce ko dabba ta san abu mai kyau.

Gidan Mode na bakin kasuwa. Suka same shi a ƙofar zaure, ƙafar a miƙe a kan buzu. Laraba ta gaishe shi ta shige ta tsaya bayan asabari. Mijinyawa ya durƙusa ya yi gaisuwar surukai doguwa, da rigarsa da ta tsaya a cibiya. Mode ya dubi rigar, ya dubi tabarma, ya ce a buɗe.

Mijinyawa ya nemi alfarmar a ɗan jira. A hanya ya ji cewa Baturen gona yana cikin gari, ya zo rangadi da malaminsa Sama'ila kan maganar irin auduga. Ya ce tun da Allah ya kawo mai saye har ƙofa, ba kyau a buɗe kaya ba ya nan. Kafin a yi haka magana ta zaga kasuwa. Masu albasa suka bar buhunansu, masu ƙwarya suka taso, har wanzami ya zo da mutumin da ya aske wa rabin kai. Taron ne ya jawo Baturen, ya iso da hular kwano da lofe a baki, Sama'ila na gefensa.

Mijinyawa ya gyara murya. Ya yi bayanin bariki, ya yi na matar Bature da igiyar shanya, ya ce abin da za a gani yanzu ba a taɓa yin irinsa ba daga nan har bakin kogin Kwara. A wannan dai bai yi ƙarya ba. Ya kwance igiya, ya kama gefe ɗaya, Ɗantani ya kama ɗaya, suka baza shi a ƙasa.

Bargon ya tsiro. Duk ramin da basilla ta huda, da duk inda ƙyalle bai haɗu da ɗan'uwansa ba, ɗan tsiro ya leƙo, rawaya-rawaya don bai ga rana ba, kowanne da kunnuwansa biyu. A kusurwar da shuɗin rigarsa yake sun fi yawa. Ɗantani ya ɗaga gefe ya leƙa ƙasa, sai ga saiwoyi farare sun huda akoko sun yi gemu.

Kasuwa ta yi tsit, har ana jin kukan wani rago daga can wajen turaku.

Ɗantani ya ce, "Taubashi, ka yi noman hwarko, ko gayya za mu kira?"

Baturen gona bai yi dariya ba. Ya cire lofe, ya tsuguna, ya tuge tsiro ɗaya ya duba saiwarsa, ya tuge wani daga can gefe. Ya yi magana mai tsawo da Sama'ila. Mijinyawa ya raɗa wa na kusa da shi cewa ciniki ake, ya san Turanci, guda shida yake so.

Sama'ila ya juyo ya fassara. Ya ce Bature ya ce iri mai kyau ne ƙwarai, kusan duk ya fito, duk wanda ya zaɓe shi ya san auduga. Sai dai layukan sun karkace, shukar ta yi cunkoso, a rage a bar biyu-biyu a kowane rami. Kuma yana so ya san dalilin da ya sa aka yi shuka ruwa bai sauka ba.

Mijinyawa bai ko ƙifta ido ba. "Ranka shi daɗe, dama nuhina ke nan. Da sanyi bargo, da damana gona. Mutum na iya tahiya da ita ko'ina za shi."

Sama'ila ya mayar da maganar. Bature ya dube shi, ya dubi rigarsa, ya mayar da lofe baki, ya gyaɗa kai a hankali ya wuce. A nan kasuwa ta fashe. Mutumin da aka aske wa rabin kai sai da ya zauna a ƙasa. Ana cikin haka awakin kasuwa suka ratso ta tsakanin ƙafafun mutane, su ba ruwansu da bayani. Jakin Ɗantani, da ya yi haƙuri tun daga Bodinga, ya shiga gaba. Kafin a kore su sun rage shukar fiye da yadda Bature ya ce, sun tafi da tsakiyar bargon gaba ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Mode. Ya ce a miƙo masa abin da ya saura. Ya ɗora a cinya ya bi shi da yatsa, yadda ya saba tun da ido ya fara yi masa gardama. Ya taɓa ɗinkin basilla, ya ce wannan buhun gero aka ɗinka. Ya taɓa shuɗin ƙyalle ya dubi cibiyar surukinsa. Sai yatsansa ya faɗa kan kalmasar baki. Ya bi ta gefe ɗaya har kwana, ya tsaya a kwanar ya daɗe, ya bi sauran ukun. Ya sake zagayowa.

"Wa yay yi wanga?"

"Ni na, Baba."

Mode ya tambayi allurai. Mijinyawa ya ce uku sun ƙare a bakin aiki, ta huɗu kuwa ta ɓace tun ba a sa ta ba, har an yanka kaza a kanta. Mode ya tambaya yaushe aka yi kalmasar. Ya ce bayan nan ne, da kwana biyar ko shida.

"Tau da mi kaɗ ɗunka ta? Wanga ɗunkin keke na."

Mijinyawa ya buɗe baki. Shekara goma sha biyu bakin nan bai taɓa buɗewa ya rasa abin fitarwa ba, sai ranar.

Asabari ya motsa. Hannu ya fito, riƙe da gefen mayafi, da allura soke a jikinsa.

"Ga ta, Baffa. Tun randa anka kawo keken nic cire ta."

Mode ya zare allurar ya ɗaga ta a rana, ya juya. Ko lanƙwasa babu. Ya tambaye ta, ba tare da ya waiwaya ba, wa ya koya mata.

"Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin keken ga, Baffa. Daga ƙasa an hi ganin yadda ƙahwa ka yi."

Kunya ce ta kama tsohon, irin wadda ba ta da daɗi ga mai furfura. Ya aika Bodinga, ya yi tunanin Kajiji, alhali wadda yake nema a gindin ƙafarsa ta girma yana ce mata ta matsa. Ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙin masu tsire ne.

Sannan ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji. Ya ce shi abin da ya faɗa, in aikin da ido zai iya kallo ya fito daga gidan Mijinyawa, keke na gidan ne. Aiki ya fito, bai kuwa ce daga hannun wa ba. A gaya wa na Kajiji ya huta da zarya. Sharaɗi ɗaya ne, kada Mijinyawa ya kusanci keken da kamu uku, sai in ɗauka za a yi.

Ɗaukar kuwa ta samu a ranar, don jakin Ɗantani ya ci tsiro da gurya da rabin akoko, ya kwanta a inuwa ya ce sai gobe. Laraba ta naɗe kan keken a zane ta ɗauka da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ƙafafun ƙarfe suka hau kan Mijinyawa. Duk wanda suka gamu da shi a hanya ya gaya masa cewa Baba Mode ya ce kaya irin wannan ba a ba jaki, sai wanda ya san darajarsa.

Keken ya koma cikin gida, ɗakin Laraba. Allurar nan ɗaya ta yi mata wata biyar kafin a samo wasu. Abin da ta fara ɗinkawa shi ne ƙarin rigar mijinta, ta mayar da ita har gwiwa. Abin da awaki suka bari na bargo ta ninka shi ta yi wa jakin Ɗantani akumari, kuma shi kaɗai ne a Bodinga ya taɓa kwana da bargon Turawa.

Mijinyawa ya riƙe zaure. Shi ke karɓar yadi, ya auna mutum da kamu, ya shiga ciki, Laraba ta leƙo ta tsakanin asabari ta sake auna mutumin da ido. Wata rana wani baƙo daga Lambara ya kawo ɗinkin wando, ya zauna jira. Ya tambayi wane ne telan. Mijinyawa ya ce gabansa yake zaune, aiki ma yake yanzu haka. Baƙon ya kasa kunne, ya ji keke na tafiya a cikin gida, yana tsayawa a kwana yana numfasawa. Ya sauke ido ya dubi ƙafafun Mijinyawa, ga su a miƙe a kan tabarma, ɗaya bisa ɗaya.

Mijinyawa ya lura da inda yake kallo. Sai ya fara kaɗa babban yatsansa a hankali, yana bin sautin.